Ina shugaban makaranta yake a cikin waɗannan shirye-shiryen?

Mai bin shirye-shirye masu dogon zango na Amurka da Ingila kan rayuwar 'yan sakandare ya riga ya haddace labarin. Ga yaro mai laushin murya, ana jifansa da "ɗan luwaɗi" a farfajiya, ana bangaje shi da bango. Can tsakiyar zango sai a tona cewa ai babban mai cin zalin ma irin sha'awar ke gare shi, ɓoyewa yake yi. Glee ya yi haka a 2010, inda Karofsky ya sumbaci Kurt da ƙarfi a ɗakin sauya kaya. A 2019 aka maimaita da Monty a 13 Reasons Why, Sex Education kuwa ya mai da Adam masoyin Eric, yaron da ya daɗe yana gallaza wa. Heartstopper ya zo a 2022 da Ben. Shekara goma sha biyu ana ta tafka dabara ɗaya, kuma dabarar tana ɓata fahimtar matsalar.

Idan mai cin zali kullum mai ɓoye kansa ne, to rikicin ya zama na cikin gida tsakanin yara iri ɗaya, sauran jama'a sun fita fes. Malamin da ya ji zagi ya kau da kai ba shi da laifi. Ɗalibai talatin da suka fashe da dariya ba su da laifi. Shugaban makarantar da ya ajiye ƙorafi a ƙasan fayil ma ba a tuhumarsa.

A zahiri kuwa a nan ɓarnar take. Shari'ar wani ɗalibi, Jamie Nabozny, a garin Ashland na jihar Wisconsin ta nuna haka tun 1996. Shekaru ana dukansa, an yi masa fitsari a banɗaki, an yi ta shurinsa a ciki har sai da aka yi masa tiyata. Da ya kai kuka, amsar da ya samu ita ce halin samari ke nan, kuma wanda ya bayyana kansa haka ya sa ran abin da ya same shi. Kotu ta kama jami'an makarantar da laifi, aka sasanta kan kusan dala 900,000. Babu wani sirrin soyayya a cikin fayil ɗin. Akwai manya da suka ƙi yin aikinsu. Haka gundumar makarantu ta Anoka-Hennepin a Minnesota, wadda ƙa'idarta ta "ba ruwanmu" kan batun luwaɗi ta sa malamai jin tsoron tsawatarwa, har sai da aka kai ta kotu, ta sauya tsari a 2012.

Abin da ke aiki ba shi da armashin kallo, shi ya sa ba a nuna shi. Bayan mutuwar Tyler Clementi a 2010, ɗalibin jami'a da ya kashe kansa bayan an tona asirinsa, jihar New Jersey ta kafa doka a 2011 mai ƙa'idoji a fili: ma'aikacin da ya gani ko ya ji ya sanar da shugaban makaranta a ranar, ya rubuta rahoto cikin kwana biyu na karatu, a kammala bincike cikin kwana goma na karatu, kowace makaranta kuma ta naɗa jami'i na musamman kan cin zali. Tsarin yaƙi da cin zali na KiVa na Jami'ar Turku a Finland ya dogara ne kan 'yan kallo: masu taya duka, masu dariya, masu shiru, da 'yan kaɗan masu karewa. Mai cin zali matsayi yake nema a idon tsaransa, idan dariya ta ɗauke, riba ta ƙare. Ana kuma sanya ido a wuraren da malami ba ya leƙawa, wato banɗaki, ɗakin sauya kaya, matakala da motar makaranta.

Kura-kuran da masu aikin suka sani, su ne talabijin ke gabatarwa a matsayin mafita. Zaunar da wanda aka zalunta da azzaluminsa su "fahimci juna" yana ƙara wa mai ƙarfi ƙarfi, domin ba rigima ce tsakanin tsara biyu masu ƙarfi ɗaya ba. Sauya wa wanda aka cuta makaranta, kamar yadda Kurt na Glee ya koma makarantar Dalton mai tsada, hukunta shi ne, kuma sai mai kuɗi. Kiran iyaye ba tare da tunani ba yana iya fallasa yaron a gida, ya jefa shi cikin haɗarin da ya fi na aji.

Masu cewa ai wasan kwaikwayo ne kawai su tuna Netflix da kanta ta yanke wurin da wata yarinya ta kashe kanta a 13 Reasons Why a 2019, bayan wani bincike ya gano ƙaruwar kusan kashi 29 cikin ɗari a yawan masu kashe kansu tsakanin 'yan shekara 10 zuwa 17 a Amurka, a watan da ya biyo bayan fitowar shirin a 2017. Masu cewa wannan matsalar Turawa ce kuma ba su taɓa kwana a makarantar kwana ba, inda kalmar "ɗan daudu" kaɗai ta isa a yi wa ƙaramin yaro taron dangi saboda tafiyarsa ko don ba ya buga ƙwallo. Ko mene ne hukuncin mutum kan luwaɗi, babu addinin da ya ba siniya ikon yanke hukunci a bayan ɗakin kwana, kuma da yawan waɗanda ake duka zargi ne kawai ya hau kansu.

Marubutan nan su juya kyamara zuwa ofis. A nuna mana takardar ƙorafi da kwanan wata a kanta, a nuna wanda ya karɓa, a nuna rana ta goma ta wuce ba a kira kowa ba, sannan a sa iyayen yaron su shigo su tambayi dalili.