Wa ke sayen ƙarafan layin dogo?

Duk lokacin da jami'an Sibil Difens suka jera samari biyar ko shida a ƙasa, babu riga, ga tulin ƙarafan titin jirgi a gabansu, raina yakan ɓaci. A kai su kotu, a tuhume su da shiga filin hukumar jiragen ƙasa ba izini da ɓarnata dukiyarta, shi ke nan a rufe fayil. Su ci hukuncinsu, ban ce a sake su ba. Mai kwance ƙusoshin layin da jirgi ke bi ɗauke da ɗaruruwan fasinjoji, da rayuka yake wasa.

Amma wanda ya taɓa tsayawa kusa da ƙarfen dogo ya san ba kayan da ake sabawa a kafaɗa ba ne. Sai an kawo tukunyar gas an yanka shi gunduwa-gunduwa, a nemo ƙarti su loda, a yi hayar tirela, tirelar ta ratsa shingayen bincike ɗaya bayan ɗaya har ta isa inda ake narka shi a fitar da rodi. Yaron da ke yawon gwangwan da buhu a baya ina ya ga kuɗin wannan hidima? A 2021 'yan sandan Nasarawa sun kama wani mai bai wa gwamna shawara kan zargin cinikin irin waɗannan ƙarafa. Tun daga nan ya kamata a gane inda gizo ke saƙar.

Masu kiran a yanke hukuncin kisa, hayaniya kawai suke yi. Ko an rataye ɗan dako, gobe dillali zai samo wani.

Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne tsohon layin Legas zuwa Kano, wanda ya iso Kano tun 1911, ya yi dakon gyaɗarmu shekara da shekaru, yau ana kwashe shi kamar kayan da ba mai shi. Layin Abuja zuwa Kaduna kuwa da aka buɗe a 2016, da bashin China aka shimfiɗa shi, har yanzu muna biya.

A bi sawun ƙarfen har bakin tanderun. Kamfanin da aka samu da shi a rufe, a ƙwace motar, a gurfanar da mai shi da jami'in da ya ɗaga shinge tirelar ta wuce.