Murjanin lefe a ajin kimiyya

Shekarata goma sha ɗaya ina koyar da ilimin halittu a wata sakandare da ke Kaduna, kuma babban ruwan da na taɓa gani da idona shi ne Kogin Kaduna idan ya cika a watan Agusta. Wannan bai hana ni tsayawa gaban ɗalibai ina ba su labarin ƙarƙashin teku ba, kamar wanda aka yanke wa cibiya a can.

Na faɗa musu cewa murjani dabba ce 'yar mitsitsiya mai taushin jiki, wadda take gina wa kanta gida da sinadari irin na ɓawon ƙwai, zuriya bayan zuriya, har ginin ya zama tsauni a cikin ruwa. Mafi girman irin waɗannan tsaunuka yana gaɓar Ostireliya, tsawonsa kusan kilomita 2,300, wato ya fi tafiya daga Kaduna zuwa Legas da dawowa. Na ƙara da cewa ba su kai kashi 1 cikin 100 na ƙasan teku ba, amma kusan rubu'in jinsunan halittun teku sun dogara da su. Sai wani yaro daga bencin baya ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, ka taɓa ganinsa?"

Tambayar ta yi mini ciwo, domin haka na yi alkawarin kawo murjani na gaske washegari. Na san inda zan same shi, tunda ni da kaina na sa sarƙar jan murjani a lefen uwargidana, kuma shekara tara ke nan ina tuna mata da kuɗin da na kashe. Gaskiya ne jan murjanin ado, wanda aka fi samu a Bahar Rum, ba shi ne mai gina tsaunuka ba, amma ƙashinsa daga sinadari ɗaya ne, kuma wannan ya ishe ni. Da asuba, tana kicin, na zare ƙwaya ɗaya daga sarƙar ba tare da na nemi izini ba.

A aji na fara da masifu biyu da ke addabar murjani. Akwai wani gansakuka da ido ba ya gani, wanda yake zaune a jikin dabbar yana ba ta abinci da launi, kuma idan zafin ruwa ya ƙaru da digiri ɗaya kacal na tsawon makonni, sai ta kore shi ta koma fari fat, abin da ake kira bilicin, kamar yadda ya faru a Ostireliya a 1998 da 2016 da 2024. Masifa ta biyu ita ce teku yana shanye kusan rubu'in iskar kabon da mutane ke fitarwa, ruwan yana ƙara tsami, ginin yana ƙara wuya. Don su ga aikin tsami da idonsu, na matsa lemun tsami a kofuna biyu. Na jefa ɓawon ƙwai a na farko, nan take ƙananan kumfa suka lulluɓe shi. Sannan na ɗaga ƙwayar murjanin sama, na yi ɗan jawabi a kan darajarta, na sake ta a kofi na biyu.

Ƙwayar ta kwanta abinta, ko kumfa ɗaya ba ta yi ba. Na ce su yi haƙuri, kimiyya ba ta son gaggawa. Bayan minti goma wata yarinya ta ciro ta, ta ɗan kankare da farce, sai jan ya biyo yatsanta, farar roba ta bayyana har da layin da injin ya bari a gefe. Yaron nan na bencin baya ya miƙe cikin ladabi ya ce, "Malam, ashe wannan ne bilicin ɗin da ka ce murjani yana yi?" Har shugaban makaranta sai da ya leƙo don jin abin da ya tayar da ajin.

Abin da na manta shi ne yarinyar 'yar maƙwabcinmu ce. Kafin na sauka daga Keke Napep labari ya riga ni gida, na tarar da sarƙar a kan faranti tare da lemun tsami guda uku da wuƙa. Na yi ƙoƙarin kare kaina da ilimi, na ce jan murjani yana girma ne a hankali ƙwarai, an kuma kwashe shi fiye da kima, saboda haka mai sayen na roba yana cikin masu ceton teku.

"Baban Ummi," in ji ta, "da kuɗin na gaske ka ce ka saya. To, ko dai an cuce ka, ko kai ka cuce ni, zaɓi ɗaya."

Na zaɓi na farko, domin shi ne gaskiya, ko da yake bai ƙara mini daraja ba. Zuwa ranar Asabar matan layinmu sun yi ta shigowa da sarƙoƙinsu, ita kuwa tana yanka lemu tana yi musu bayanin kumfa fiye da yadda na iya. Yanzu magidanta uku ne a masallacin unguwa ba sa amsa gaisuwata.