Baba, ka huta? Hutun ne ya kusa kwantar da ni

Litinin ta farko bayan na yi ritaya, ƙarfe shida na farka kamar kullum, na yi wanka, har na ɗauko takalmi kafin na tuna babu inda za ni. Na zauna a bakin gado da takalmi ɗaya a hannu. Wayar da a da ba ta barina in ci abinci cikin natsuwa, ranar sau biyu ta yi ƙara, ɗayan ma ɓatan lamba ne.

Kowa na yi wa mai shirin ajiye aiki huɗubar kuɗi: ka yi tanadi, ka bi takardun fansho, kada ka zuba giratuti a kasuwancin da ba ka sani ba. Duk gaskiya ne. Amma ba wanda ya faɗa mini cewa abin da zai fi ci mini rai shi ne gari ya waye babu mai jirana. Shekara talatin da ɗoriya, in na makara akwai wanda aikinsa zai tsaya cak. Yanzu ko na kai rana tsaka ina barci, ba abin da zai ɓaci. Wata uku na yi ina kiran wannan hutu, alhali ban da faɗa da mutanen gida kan wa ya bar fitila a kunne, ba abin da nake tsinanawa.

Shi kansa tsarin ritayar, ba da irin tsawon ranmu aka auna shi ba. Lokacin da Bismarck, shugaban gwamnatin Jamus na wancan zamani, ya kawo fanshon tsufa a ƙasarsa a 1889, sai ma'aikaci ya kai shekara 70 yake fara karɓa, kuma da yawa ba sa kaiwa. Yau mutum na iya ajiye aiki yana da 60, ya ƙara ashirin da ƙarfinsa da hankalinsa. Shekara ashirin fa! A kan kujera za a cinye su?

Jimmy Carter ya bar mulkin Amurka a 1981 yana da shekara 56, bayan ya sha kaye a zaɓe. A 1982 ya kafa Cibiyar Carter, ya sa ciwon kurkunu a gaba. A 1986 an ƙiyasta mutum miliyan 3.5 ne ke kamuwa da shi a shekara. A 2023 mutum 14 kacal aka samu. Na san za a ce ai shi tsohon shugaban ƙasa ne, ga suna ga hanya. To Kimani Maruge na Kenya fa, wanda ya shiga aji ɗaya na firamare a 2004 yana da shekara 84, ya zauna da sa'o'in jikokinsa don kawai ya iya karatu?

Shawarar da aka fi ba mu ita ce mu nemi abin ɗebe kewa. Na gwada lambu, kuma har yau ina ban ruwa, amma shuka ba ta tambayar ina ka shiga jiya. Abin da ya tashe ni tsaye yaron maƙwabci ne da lissafi ya gagara. Ya zo da littafinsa duk jan biro, na ce zauna mu gani. Sai ga shi ni ma na manta rabin abin, dole na koma bita da dare kamar mai shirin jarrabawa (shi ne ma ya koya mini yadda ake nemo darasi a intanet). Yanzu su huɗu ne, Talata da Alhamis. Ranar da mura ta hana ni fitowa, ƙaramarsu ta leƙo ta taga ta ce, "Baba, yau babu karatu?" Rabon da in ji daɗin wata tambaya haka tun ina ofis.

Ku kuma 'ya'yanmu, na san ƙauna ce ke sa ku ce, "Baba ka zauna ka huta, ai ka yi naka." Ku rage. In ya ce zai koyi kwamfuta, ko Mama ta ce za ta koma makaranta, kada ku yi dariya, ku tambayi ranar farawa.

Bari in tsaya nan. Yau Talata ce, kuma ban gama duba aikin gidan da na ba su ba.