Ranar Da Na Ƙaddamar Da Jirgina A Dadin Kowa

Shekarata 17 ina aikin kafinta a Gombe. Gadon amare, wadirof, kujerun falo, duk wanda ya aurar da 'ya a layinmu na Pantami ya san hannuna. Wannan yabon ne ya ja mini. Mutum in ya daɗe yana jin "Oga, aikinka ya yi", sai ya fara ganin duk abin da aka yi da katako ƙaninsa ne.

Abin ya faro ranar da muka kai kayan ɗaki Dadin Kowa. Da muka gama ɗaure gado, yaron shagona ya nace sai mun leƙa dam. Abin kunya, dam ɗin nan da aka tare kogin Gongola da shi tun 1984 aka gama shi, tafiyar daga Gombe ba ta kai kilomita 40 ba, amma ban taɓa taka bakinsa ba. A nan muka tarar da wani dattijo masunci ya kife kwale-kwalensa a gindin bishiya, yana cusa auduga cikin tsagar falanki da bakin tsohuwar wuƙa, ga gwangwanin kwalta na tafasa a kan murhu. Jirgin baƙi ƙirin, duk faci, kan ƙusa a waje.

Na ce, "Baba, wa ya yi maka wannan aikin? Ko sanfefa bai goga ba."

Bai ko ɗago ba ya ce, "Kifi dai bai taɓa kawo mini ƙara ba."

Duk da haka dattijon bai yi mini rowa ba. Ya ce madaci ya fi jure ruwa. Ya ce tsakanin falanki da falanki auduga ake durawa a bi da kwalta. Ya ce sabon jirgi ba a hawansa ranar da ya ga ruwa, nutsar da shi ake yi ya kwana biyu ko uku, katakon ya sha ya kumbura, tsagar ta matse kanta. Ina ta gyaɗa kai irin na mai sauraron wa'azi da yunwa a cikinsa. A raina cewa nake, mene ne jirgi in ba wadirof da aka kwantar aka cire wa ƙofa ba?

Washegari na faɗa kasuwar katako. Da na ji kuɗin madaci sai na tuna ashe farin katako ma Allah ne ya halicce shi. Na sayi falanki da tu-bai-fo, na sa aka sauke mini a tsakar gida, don shagona ba zai ɗauki abu mai ƙafa 14 ba.

A nan na fara sanin sana'a sana'a ce. Ni duk rayuwata babban maƙiyina shi ne lanƙwasasshen falanki, in na gan shi a kasuwa ko taɓawa ba na yi. Yau ga ni ina roƙon miƙaƙƙe ya lanƙwasa. Na farko ya ce ƙaras, ya rabe biyu. Na biyu ya kuɓuce daga igiya ya mari yarona a ƙeya, yaron ya zauna daɓas yana tambayata ko an kira la'asar. Sai da na koma naɗe falankin da buhun algarara ina kwarara masa tafasasshen ruwa, ina danne shi da bulo, sannan ya ɗan rusuna kamar surukin da ba ya son gaisuwa. Icen uwargida na sati biyu ya tafi a kwana uku.

Wajen toshe tsaga kuwa, na ce ni ba zan ɓata aikina da kwalta ba. Na kwaɓa garin katako da farin gam, irin yadda muke cike ramin ƙusa a jikin gado, na shafe ko'ina, na goge da sanfefa har yana santsi. Na zuba fenti shuɗi da fari. Na yi wurin zama na sa masa kushin. A gefe na rubuta "Hassada ga mai rabo taki."

Uwargida ta fito ta zagaya shi sau biyu, ta riƙe haɓa.

"Maigida, wannan komin na raguna nawa ne?"

Na ce mata jirgin ruwa ne. Ta ce ai shi ma komi ake ce masa, ta shige ɗaki. Ina jin dariyarta har da tari.

Fitar da shi wani babi ne. Na auna tsawo, na auna faɗi, na auna zurfi, ban auna kwanar zaure ba. Sai ta kan katanga aka haurar da shi, mutanen majalisarmu takwas, kowa na ba da umarni ba mai bi. Wannan kuma ya sa dole na gayyace su ƙaddamarwa.

Ranar Lahadi muka ɗora shi a akori-kura, rabinsa na lilo a baya da jan tsumma. Muka wuce Liji, a Kwadon wani mai tumatir ya biyo mu yana tambaya ko na sayarwa ne, yana so ya riƙa wanke kaya a ciki. Ban kula shi ba. Na ci farar shadda da hula zanna, don na san za a ɗauki hoto.

Dattijon na nan inda muka bar shi. Ya shafa jirgin, ya ƙwanƙwasa, ya kai hancinsa wajen tsagar ya shinshina.

"Ɗana, ina kwaltar?"

"Baba, wannan gam ne na zamani."

"To. Ka bar mini shi ya kwana uku a ruwa."

Na waiwaya na ga mutum takwas sun ɗaga waya. Na ce, "Baba, jama'a sun taru."

"Ka iya ruwa?"

"Ai a cikin jirgi zan zauna."

Bai ƙara magana ba. Ya miƙo mini filafili, ya ɗauko wata yankakkiyar jarka ya ɗora a kan kushin ɗina. Na so in ji haushi.

Gaskiya, minti biyar ɗin farko ba zan manta da su ba. Jirgin ya hau ruwa, ya tsaya cak, ana ta kabbara a bakin gaɓa. Ni a baya, yarona a gaba. Illa dai ta gefe ɗaya nake tuƙi, don haka maimakon mu yi gaba sai muka yi ta juyawa wuri guda kamar fanka ta kusa lalacewa. Duk juyi ɗaya sai in ɗaga wa majalisa hannu.

A juyi na huɗu na ji sanyi a tafin ƙafata. Na duba. Ruwa ne, amma fari tas, kamar an dama nono. Na ɗan yi jim kafin na gane gam ɗina ne ke komawa asalinsa. Na rarumi jarkar nan da na raina na shiga kwarfa. Yarona ya rasa abin kamawa ya fizge zannata ya ci gaba da ita. Muna kwarfe kofi ɗaya, bokiti na shigowa.

Ana cikin haka muka ji wani huci daga cikin ciyayi, furrr! Kowa a ƙasar Gombe ya san Dadin Kowa akwai dorina, manoman shinkafa na yankin sun sha kuka da ɓarnarta. Yarona ya ce, "Oga, ita ce!" Na miƙe zumbur. Ashe a kwale-kwale ba a miƙewa zumbur. Sama ta koma ƙasa.

Abin da na faɗa a cikin ruwan nan, da ba a naɗa a waya ba, da na rantse ƙage ne. Na yi kalmar shahada. Na nemi gafarar duk wanda ya ba ni kafin alƙalami ban gama masa aiki ba, har na ambaci mutum uku da sunansu, ɗaya yana tsaye a wurin. Na kuma bayyana cewa katakon gadon ƙanwar limaminmu ba madaci ba ne, fenti ne.

Daga gaɓa na ji muryar dattijon, ko ɗagawa bai yi ba: "Ɗana, miƙe tsaye."

Na miƙe. Ruwan iya cibiya. Ga wasu yara biyu can gaba da ni suna wanka, sun tsaya suna kallona. Dorinar kuma saniyar Fulani ce ta zo shan ruwa, tana kaɗa bindi.

A bayan akori-kura na dawo gida, ina rawar ɗari, ba hula, takalmi ƙafa ɗaya. Kafin mu iso Tashar Dadin Kowa bidiyon ya riga ni shiga unguwa ta WhatsApp. Liman ya aiko a ce yana son ganina bayan isha'i.

Bayan kwana uku na koma ɗauko jirgin. Dattijon ya sa an jawo shi gaɓa. Falankin ya kumbura ya matse kamar yadda ya faɗa, tsagar da ta rage ba ta wuce ta auduga da kwalta ba. Ya ce in ina so zai gyara, in zauna wata guda ya koya mini tuƙi. Na dubi ruwan, ruwan ya dube ni. Na ce zan yi shawara da iyali.

Iyali kuwa ta riga ta yanke. Ta kan katangar da ya fita ya koma, aka ajiye shi a gindin darbejiya, ragunanta huɗu na kiwon layya suka jeru a kai suna cin dusa da kowa, daidai saitin "Hassada ga mai rabo taki." Matan layi suka yi ta shigowa kallo. Zuwa yau an ba ni aikin irinsa guda uku, har da mai tumatir na Kwadon da ya nemo lambata.

Jiya ina yanka falankin na farko, uwargida ta leƙo ta taga.

"Maigida, wannan karon ka bar kushin ɗin. Na wancan ragunan sun cinye."