Hausawi, sunan dangi a Saudiyya da ya kamata mu san asalinsa

Duk wanda ya kalli wasan buɗe gasar cin kofin duniya na 2018 a Mosko, wanda Rasha ta lallasa Saudiyya da ci 5 ba ko ɗaya, zai tuna cewa 'yan bayan Saudiyya na tsakiya su biyu sunan danginsu ɗaya ne, Osama Hawsawi wanda shi ne kyaftin da kuma Omar Hawsawi, ga kuma na uku Motaz Hawsawi shi ma yana cikin tawagar. Mutum uku masu suna ɗaya a ƙungiyar ƙasa guda. A lokacin mutanenmu sun yi ta yaɗa hotunansu a Facebook ana cewa ai namu ne, Hausawa ne, aka yi murna na kwana biyu aka wuce, kuma har yau in ka tambayi yawancin masu murnar yadda aka yi sunan ya je can ba za su iya gaya maka ba. Ni wannan abin yana damuna wallahi, domin labarin da ke bayan sunan nan ya fi ƙwallo nauyi nesa ba kusa ba.

Shi sunan ba wani abu ne mai wuya ba. Larabawa suna da al'adar jingina mutum ga garinsu ko ƙabilarsu, abin da malaman nahawu ke kira nisba, sai a ƙara "i" ko "awi" a ƙarshen kalma. Ɗan Makka Makkawi, ɗan Bukhara Bukhari, wanda ya fito daga Borno Barnawi, na ƙasar Hausa kuma Hausawi, in an rubuta da boko a fasfo ko a riga sai ya koma Hawsawi. Mu ma ai ba baƙon abu ba ne a wurinmu, malamanmu na zaure tun da can haka suke sa hannu a rubuce-rubucensu, Alkanawi, Alkashnawi, Azzakzaki. Akwai ma malamin nan na Katsina, Muhammad bin Muhammad Alfulani Alkashnawi, masanin lissafi da ya je hajji ya zauna a Alƙahira har ya rasu can a 1741, da wannan jinginar ake saninsa har yau. Bambancin kawai shi ne a can Hijaz abin ya wuce laƙabi ya zama sunan dangi na dindindin, yana kan katin ɗan ƙasa, uba ya ba ɗa, ɗa ya ba jika.

To ta yaya suka je? Da ƙafa. Wannan shi ne abin da nake so matasanmu su tsaya su yi tunani a kai. Kafin jirgin sama ya fara jigilar alhazai, mutum zai tashi daga Kano ko Katsina ko Damagaram da matarsa da 'ya'yansa da jaki, ya yi sallama da dangi irin sallamar da ba a sa ran sake haɗuwa, wasu har gado ake raba musu kafin su tafi. Sai a bi ta Borno, a shiga ƙasar Chadi a wuce Abeshe, a faɗa Darfur ta Junaina da Fashir, a bi ta Ubayyid har bakin Nilu, daga nan a nufi Sawakin a gaɓar Bahar Maliya a jira jirgin ruwa na katako da zai tsallaka da mutum Jidda. Ba tafiyar wata ɗaya ko biyu ba ce, shekaru ake yi, domin guzuri yana ƙarewa sai a tsaya a yi noma ko ƙodago ko wanzanci ko koyar da allo a tara na gaba. Ana haihuwa a hanya, ana aure a hanya, ana binne mutane a hanya. Yaron da aka goyo daga gida yana iya isa Makka da gemunsa.

Sai kuma abin da ya faru a 1903, wanda ya ƙara yawan masu tafiyar sosai. Turawan Ingila sun ci Kano a watan Fabrairu suka ci Sakkwato a watan Maris, Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya ya ce ba zai zauna ƙarƙashinsu ba ya ɗauki hanyar gabas, jama'a masu ɗimbin yawa suka bar gonakinsu suka bi shi. A Burmi aka tare su a watan Yuli aka kashe shi da mutane da dama. Waɗanda suka tsira ba su juyo ba, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da su har Sudan, kuma garin da suka kafa a bakin Shuɗin Nilu kusa da Sinnar har yau Mai Wurno ake ce masa. Da aka buɗe gonakin auduga na Jazira a 1925 mutanenmu da yawa a nan suka yi ta aiki suna tara kuɗin tsallakawa, wasu suka tsallaka wasu kuma Sudan ɗin ta zama gida. Waɗanda suka isa Makka da Madina kuwa da yawansu suka ce ba inda za su, nan za su zauna maƙwabtaka da Ɗakin Allah har mutuwa ta zo. Da aka kafa masarautar Saudiyya a 1932 aka shiga ba mazauna takardar zama ɗan ƙasa, waɗannan mutane suna nan, kuma da aka zo rubuta sunan dangi abin da aka san su da shi aka rubuta.

Abu ɗaya da ya kamata a fahimta, ba duk mai sunan Hausawi ne kakansa Bahaushe tsantsa ba. Hausa ita ce harshen hanya, da ita ake ciniki a zango, da ita ake tambayar rijiya, don haka Banufe ko Bazabarme ko Babarbare da ya iso yana jin Hausa sai Balarabe ya haɗa su duka ya kira su da suna ɗaya. Haka abin yake da Fallata, wanda asali sunan da Barebari ke kiran Fulani ne amma a Sudan ya zama na duk wanda ya fito daga yamma. Akwai kuma Takruni, daga tsohuwar daular Takrur ta bakin kogin Senegal, wanda mu muka mayar Takari. Ni ban ga aibu a wannan haɗuwar ba ko kaɗan, ai haka Hausa take tun fil azal, kamar kasuwar Kurmi ce, kowa ya shigo da kayansa ana ba shi rumfa.

Inda sunan ya fi yawa shi ne Makka da Madina da Jidda da Ɗa'if, ko da yake yanzu aiki da karatu sun watsa su har Riyad da gabashin ƙasar. Kuma ba ƙwallo kaɗai suke yi ba, akwai malaman makaranta, akwai sojoji da 'yan sanda, akwai likitoci da ma'aikatan jinya, akwai masu aiki a Harami. Cikin 'yan uwansu Fallata an yi Shaihu Umar Fallata wanda ya daɗe yana karantar da hadisi a masallacin Annabi (SAW), ɗalibanmu da suka yi karatu a Madina a wancan zamani sun san shi sarai. Shi Osama ɗin ma haifaffen Makka ne, ya fara da ƙungiyar Al-Wahda ta garin, ya buga wa Al-Hilal da Al-Ahli, har Anderlecht ta Beljiyam ya je, ya buga wa ƙasarsa wasa sama da 100. Omar kuwa a Al-Nassr yake lokacin da Ahmed Musa ya je can, tare suka ci kofin lig na kakar 2018 zuwa 2019.

Wanda ya taɓa zuwa Umra ya ɗan fita daga layin otal-otal ya shiga unguwa zai ga abin da nake faɗa da idonsa. Da daddare za ka tarar da mai nama ya jera tsinke a kan gawayi, ya barbaɗa ƙuli-ƙuli da yaji, ga albasa an yanka a gefe, Larabawa cikin fararen jallabiyoyi sun yi layi suna jira a naɗe musu a takarda. Sire suke ce masa, tsirenmu ne ba wani abu ba, kamar yadda a Sudan suke cewa agashe. Wata rana a wani kantin magani a Makka na ga saurayi da sunan Hausawi a maƙale a ƙirjinsa, na yi masa sallama na ce sannu da aiki, ya ɗago ya yi murmushi ya ce "yawwa Alhaji, lafiya lau," daga nan Hausar ta tsaya masa ya koma Larabci, ya ce kakarsa ce mai ji sosai, ita har yau in ranta ya ɓaci da Hausa take faɗa. Ya ƙi barina in tafi sai da ya kira ta a waya muka gaisa, tsohuwar tana ta tambayata ko an yi ruwa a gida bana, gidan da rabonta da shi tun tana goye.

Yanzu ga inda nake da magana da mutanenmu. Na sha jin ana cewa ai waɗannan jikokin bayi ne, ana faɗa da wata irin murya ta raini. Gaskiya ne an yi cinikin bayi a Hijaz, ba a haramta shi a Saudiyya ba sai 1962, kuma gaskiya ne akwai mahajjatan da aka yaudara aka sayar da su ko 'ya'yansu a hanya, wannan zalunci ne da aka yi musu, kunyar tana kan wanda ya saya da wanda ya sayar. Amma mafi yawan masu wannan suna zuriyar mutanen da suka taka da ƙafarsu ne don sauke farali ko don gudun mulkin Nasara. Mutumin da ya yi shekaru yana tafiya saboda Allah, ya binne ɗansa a Darfur ya ci gaba, in ba a girmama jikansa ba to bai kamata a raina shi ba. A can ma ba su tsira ba, akwai masu taƙama da ƙabila da ke kiran mutanen Hijaz irinsu "ragowar alhazai," wasu har su ce abin da teku ya amayo, kuma maganar aure tsakaninsu da masu jin su 'yan asalin ƙabila ne har yau tana da wuya a gidaje da yawa. Duk da haka ba su goge sunan ba. Suna iya fakewa da sunan kaka su bar shi ya ɓace, amma ga shi nan duniya tana karantawa.

Mu kuma a nan gida abin da muke yi kishiyar haka ne, kowa neman hanyar da zai jingina kansa da Larabawa yake, wannan ya ce kakansa daga Yaman, wancan ya ce daga Bagadaza, yaro ya buɗe shafi a intanet ya laƙaba wa kansa nisbar ƙabilar da bai san ko ina take ba. Ban ce babu masu asalin Larabawa a cikinmu ba, akwai su, Sharifai suna nan, zuriyar 'yan Gadamus da Turabulus suna nan a Kano an san gidajensu. Abin da ke ba ni takaici shi ne wanda ba shi da wannan asalin ya ga kamar nasa bai isa a ambata ba, alhali a Makka kanta akwai mai amsa sunan Hausa da ƙarfinsa.

Sannan kada murna ta sa mu wuce gona da iri. Su 'yan Saudiyya ne, can aka haife su aka haifi iyayensu, Larabci ne harshensu na farko, in Saudiyya ta haɗu da Najeriya a fili ƙasarsu za su goya wa baya kuma daidai ne. Ba hakkinmu ba ne mu tsare su da cewa don me ba ku jin Hausa, ko mu riƙa shiga shafukansu muna neman su yi mana hanyar biza. Zumunci ake nema, a san juna, a gaisa, in ɗaya ya zo neman garin kakansa a karɓe shi hannu bibbiyu a kai shi.

Waɗanda suka fi tsaya min a rai ma ba masu sunan a kati ba ne, 'yan uwansu ne da ba su samu katin ba. Gida ɗaya, kaka ɗaya, wani ya karɓi takarda a lokacin da ake bayarwa wani bai karɓa ba, ko don rashin sani ko don yana ganin gobe zai koma gida, ko kuma iyayen sun iso a makare bayan an rufe ƙofa. Yau jikan na farko ma'aikacin gwamnati ne, jikan na biyu kuma an haife shi a Makka ya girma a unguwar Sharar Mansur amma ba shi da igama, wato takardar izinin zama, kullum cikin ɓuya, ranar da aka kama shi sai tarhil, wato a kore shi daga ƙasar, a sauke shi a filin jirgin Malam Aminu Kano da leda ɗaya a hannu, garin da bai taɓa gani ba. Mu da ya kamata mu tarbe shi sai mu riƙa dariyar Hausarsa muna ce masa Takari. Na ga mata irin waɗannan da yara uku huɗu suna neman ɗakin haya, ba su san kowa ba sai sunan wata unguwa da suka ji a bakin uwarsu, kuma babu wani tsari na kirki da ke karɓarsu ya nema musu danginsu ko ya sa yaran a makaranta. Ga shi tsofaffin unguwannin da suka taru a cikinsu a Makka da Jidda an rushe da yawa a 'yan shekarun nan saboda sabbin gine-gine, jama'ar ta watse, tsofaffin da suka san daga wane gari aka taso da wace hanya aka bi suna ta ƙarewa ɗaya bayan ɗaya.

Jami'ar Bayero da ta Usmanu Danfodiyo da ta Abdou Moumouni a Yamai duk suna da masana tarihi da na harsuna, kuma duk shekara malamansu suna zuwa hajji da Umra. Ina roƙonsu da su riƙa ware ko kwana biyu ne su zauna da waɗannan tsofaffi da na'urar ɗaukar murya, a Makka da Madina da Mai Wurno da Gadarif ta Sudan, a tambaye su sunan kakanni da garuruwan da aka yada zango, a rubuta da Hausa da Larabci yadda jikokinsu na can da mu na nan duk za mu iya karantawa. Waɗanda aka dawo da su Kano ma suna nan kusa, ba sai an nemi biza ba kafin a je a same su.