Gigin tsufa tun ana da ƙarfi yake soma shiga

'Yan'uwana matasa, akwai maganar da muke yi in tsoho ya fara rikicewa: "Ai gigin tsufa ne, sai haƙuri." Shi ke nan an rufe zance. Baba ya idar da azahar, ko casbi bai ajiye ba ya sake tambaya ko an yi salla. Inna ta ƙulle kuɗinta a bakin zane, ta manta, ta ce jikarta ta sace. Da la'asar ta ɗauki mayafi ta ce gida za ta tafi, alhali a ɗakinta take. Wannan ciwo ne, yana da mazauni a cikin ƙwaƙwalwa, kuma ba ranar da aka gan shi ya fara ba.

Ƙwaƙwalwar mutum tana da ƙwayoyin jijiya kimanin biliyan 86. Fata tana sabuntawa, jini ma haka, amma akasarin waɗannan ƙwayoyi da su aka haife ka, kuma da su za ka tsufa. Wadda ta mutu ba kasafai ake samun madadinta ba. Ga su da ci. Nauyin ƙwaƙwalwa bai wuce kashi 2 cikin 100 na jiki ba, amma tana lashe kusan kashi 20 na kuzarin da jiki yake ƙonawa. A cikin kowace ƙwaya akwai wasu 'yan mitsi-mitsin sassa, mitokondiriya, da suke ƙona sukari da iskar oksijin su ba da ƙarfi. Ka ɗauka madafa ce da ba a taɓa kashe wutarta ba shekara saba'in, dole bango ya yi baƙi. Ƙonawar tana fitar da burbushi mai lahani da yake cin bangon ƙwayar da kundin gadon da ke cikinta. Allah Ya sanya wa ƙwayar hanyar gyara da share kanta, har wani masani ɗan Japan, Yoshinori Ohsumi, ya ci kyautar Nobel a 2016 saboda gano yadda ƙwaya take narkar da sassanta da suka lalace. To, da shekaru suka ja, sharar tana yin sanyi, ɓarnar kuma ba ta tsayawa.

Abin da ya taru shi ne ciwon. A 1906 likitan Jamus Alois Alzheimer ya duba ƙwaƙwalwar wata mata da ta rasu bayan ta yi shekaru a asibitin Frankfurt, wadda aka kwantar tana da shekara 51 kacal. Ya ga dunƙule-dunƙule a tsakanin ƙwayoyin, da wasu zaruruwa da suka cukurkuɗe a cikinsu. Yau an san furotin ne iri biyu da suka lalace, amiloid da tawu, kuma wannan nau'in gigin tsufa ya ci sunan likitan, ana kiransa Alzheimer. Suna yanke sadarwa tsakanin ƙwayoyi, jiki ya tayar da kumburi don yaƙarsu, kumburin ya daɗe har ya koma cin masu lafiya. Wurin da ake adana sabon abu ne yake fara taɓuwa, shi ya sa tsohuwa za ta ba ka labarin aurenta tiryan-tiryan amma ta kasa tuna ko ta karya kumallo. 

Inda ya shafe mu kai tsaye shi ne, bincike ya nuna amiloid yana fara taruwa shekara 15 zuwa 20 kafin mantuwa ta bayyana. Wanda zai rikice yana da 70, tun yana da 50 abin yake tafiya a ɓoye, kuma jijiyoyin jinin da za su tallafi ƙwaƙwalwarsa a lokacin, yanzu yake kula da su ko yake lalata su.

Kada wani ya ce ciwon Turawa ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce masu fama da gigin tsufa sun haura miliyan 55, kuma fiye da kashi 60 cikin 100 a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita suke. An yi wani dogon bincike da ya kwatanta tsofaffin Ibadan da baƙaƙen fata na Indianapolis a Amurka, sakamakon da aka fitar a 2001 ya nuna na Ibadan ba su kai rabin na can kamuwa ba. A lokacin hawan jini da ciwon sukari sun fi yawa a can. Yanzu ka duba gidanku, ka ƙirga mutum nawa ke da hawan jini. Muna bin sawunsu ne da gudu.

Gado yana da nasa rabo, kuma akwai wanda zai kiyaye komai ciwon ya same shi, wannan jarrabawa ce daga Allah. Amma kwamitin masana na mujallar likitoci ta Lancet ya ce a 2024 kusan kashi 45 cikin 100 na masu ciwon yana da nasaba da abubuwa 14 da za a iya kauce musu. Wanda ya fi damuna a cikinsu hawan jini ne, don mun mai da shi wasa. Mutum ya sha magani mako biyu, ciwon kai ya lafa, ya jefar da sauran ya ce ya warke. Jinin kuwa yana nan yana dukan ƙananan jijiyoyin ƙwaƙwalwa dare da rana, suna kauri suna toshewa, ƙwayoyin da suke ciyarwa suna mutuwa kaɗan-kaɗan ba tare da ciwo ba. Ka kai 30, ka riƙa auna jininka. In an ɗora ka a kan magani, kada ka daina sai likita ya ce.

Buguwar kai ma tana cikin jerin. Kai da kake tashin babur da ƙafa ɗaya ba hular kwano, ƙoƙon kai yana iya warkewa, jijiyoyin da suka tsinke a ciki ba lallai su dawo ba. Taba, ciwon sukarin da aka yi watsi da shi, zama wuri ɗaya, kunnen da ya fara toshewa aka ƙi kai shi asibiti, duk suna ciki. Barci kuma, gwajin da aka yi a kan ɓeraye a 2013 ya nuna ƙwaƙwalwa ta fi wanke amiloid a lokacinsa. Ka tuna da wannan in ƙarfe biyu na dare ta same ka riƙe da waya.

Tsofaffin da ciwon ya riga ya kama kuwa, ku ji tsoron Allah a kansu. Kada a kulle su a ɗaki, kada a bar yara su yi musu ihu, kada a ce wa tsohuwa mayya don ta fita da dare tana sambatu. In ta ce an sace mata kuɗi, kada ku yi gardama, ku ce "Inna, mu duba tare." Ku yi addu'a, ku kuma kai su asibiti da wuri. Ba kowace rikicewa ce Alzheimer ba. Ciwon fitsari, ƙarancin bitamin B12, matsalar maƙoƙo, ko magungunan da suka yi wa tsoho yawa, duk suna iya rikita shi, kuma waɗannan ana magance su ya dawo hayyacinsa. In za ku je, ku zuba duk magungunan da yake sha a leda, har da na gargajiya, ku nuna wa likita.