Ni nake zaɓar labarin da zan karanta

Jiya a fada, muna jiran shayi na biyu, ƙanena ya leƙo salulata ya ce: "Yaya, wannan wane irin abu ne, rubutu zalla, ba bidiyo?" Na ce masa Feedly ce, manhajar tattara labarai. Ya yi dariya, wai na tsufa.

To, bari in faɗi ra'ayina. Shekara da shekaru ina gyaran salula a nan Maraɗi, kuma na gaji da kafofin da ke zaɓa mini abin da zan gani. Ka sa forfen intanet da safe don neman yadda ake sauya allon wata sabuwar waya, kafin azahar ya ƙare a kallon rawa da rigimar mutanen da ba ka sani ba.

Tsarin da ake kira RSS, wanda Feedly ke aiki da shi, ba haka yake ba. Kamar ka aiki yaro kasuwa ne da takarda a hannu: abin da ka rubuta shi zai kawo maka, ba kayan da mai shago ke neman rabuwa da su ba. Kai za ka jera kafofin da ka yarda da su, manhajar ta zagaya ta kwaso kanun labaransu, sabo a sama, tsoho a ƙasa. Ko rezo ya yi rauni, rubutu yana sauka. Kuma ba sabon abu ba ne, a kamfanin Netscape ya faro tun 1999. Da Google ta rufe tata manhajar RSS, Google Reader, a Yulin 2013, mutane da yawa suka koma Feedly da Inoreader. Shirye-shiryen sauti da ake saukewa a waya ma, akasarinsu ta wannan hanyar suke isowa.

Abin da ban zata ba shi ne mutanen da na samu. Ina bin rubutun wani mai gyara, shi ya ambaci wata ƙungiyarsu a Telegram, na shiga. Akwai ƴan Kano, ƴan Katsina, har da na Yamai. Ran nan wata waya ta ƙi caji, na sa hoton cikinta, kafin la'asar wani ya zagaye mini inda ya ƙone da jan layi.

Wahalar RSS ita ce: jeren farko kai za ka zauna ka haɗa da hannunka, kuma kafofin fasaha masu rubutu da Hausa ba su da yawa, dole ka haɗa da Faransanci ko Turanci. Ƙanen nawa dai ya ce in sa masa, amma da labarin ƙwallo za a fara.